Baƙin Yashin Ɗakina

Da hannuna na yaɓe ɗakina da baƙin yashin da ake zubarwa bayan wankin kuza a Naraguta. Da shi kuma nake suyar gyaɗa. Duk unguwar Ali Kazaure babu bango mai kyan nawa.

Ana dab da komawa mulkin farar hula, wani malamin jami'a ya kara wata na'ura a bangon, ta kama ƙara.

Ya ce, "Iya, yashin nan guba yake fitarwa, a hankali take cin jiki."

Na ce, "Ga ni garau, ɗan nan."

"Jikokinki fa?"

Na daina suyar gyaɗa. Amma in na rushe ɗakin, ina za mu? Sai na ja tabarmar yaran zuwa tsakiyar ɗaki, ni na koma jikin bango.