Sista Dobrila da Nonon da Aka Yi wa Aiki

Ƙarfe bakwai na safe Sista Dobrila take fitowa daga asibitin unguwa, jaka a kafaɗa, ma'aunin jarirai a hammata, da takardar sunayen matan da aka sallamo daga ɗakin haihuwa. Shekara talatin da huɗu ke nan tana bin masu jego gida gida a nan garinmu Pirot. Yawancin benayenmu ba su da lif, na'urar hawa bene, masu shi kuma nasu ya mutu tun ina makaranta. Sai ta hau hawa biyu ta tsaya ta dafa gwiwa, ta tsine wa wanda ya gina gidan, ta ci gaba. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na san furanni da takardar yabo kawai za a miƙa mata. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba mai sakin fuska ba ce. Ba ta shan kofin kowa sai ta wanke hannu ta ga jariri, ku kuwa kun san abin da ƙin kofi yake jawowa a gidajenmu. Surukai da yawa ba sa ga-maciji da ita. Amma maƙwabciyata Milunka ta ce ranar da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar ƙauyensu, da ƙafa Dobrila ta iso don ta duba cibiyar ɗanta. Ta duba, ta yi mata faɗa a kan ta cika ɗaki da zafi, ta juya ta koma.

Ga nawa labarin. Bayan na yaye ɗana na fari, nonona na hagu ya ƙi komawa yadda yake. Shi yaron ya fi so, shi ya fi ruwa, sai ya tsaya ya kusa ninka na dama. Shekara uku ina cusa tsumma a rigar nono, kafaɗa na ciwo, ina gudun madubi. Da na gaji na je birnin Niš aka yi mini aiki aka rage shi. Likita ya ce wuƙa tana iya taɓa hanyoyin ruwan nono, na ce na ji, don lokacin ba na tunanin wata haihuwa. Mijina kaɗai ya sani. Uwarsa Radojka kuwa kwas aka ce mata na tafi, don da ta ji, kafin Lahadi duk layinmu ya san matar ɗanta ta je gyaran jiki.

Bayan shekara biyu sai na haifi 'yata Dunja. Mai jego ba ta taka waje sai ta yi arba'in, saboda haka Radojka ta tare a gidanmu da akwatinta da agogonta. Yadda aka koya musu a zamaninsu shi ne nono duk bayan awa uku, minti goma kowane gefe, a fara da mai ruwa. Ita kuma ta san mai ruwa, ai a gabanta na raini na farin.

"Hagu, 'yar nan, hagu," take cewa. "Shi ya yi mini jikan can ƙatoto."

Dunja ta yi ta tsotson hagu har ta gaji, ana juya ta dama sai barci. Na daman ya kumbura ya yi tauri, Radojka ta lulluɓa masa ganyen kabeji mai sanyi don ya sace. Ni kuma kullum ina rufe da tawul saboda tabon aikin, ina cewa sanyi nake ji. Wannan ya yi wa tsohuwa daɗi, don ba abin da take tsoro kamar iskar taga.

Ranar Litinin, kwana goma da haihuwa, Dobrila ta ɗora Dunja a ma'auni ta duba. Yarinya tana ta raguwa, kukanta ma ya yi ƙasa.

"In Juma'a ta yi ba ta ƙaru ba, asibiti zan tura ta su kwantar da ita," in ji ta. "Ba na wasa da wannan."

"Nonon 'yan yanzu ne ba ƙarfi," in ji Radojka. "Ba sa cin abinci, sai latsa waya."

"Kaka," in ji Dobrila, "kofin nan da kike ta yi mini tayi, yanzu nake so. Ki dafa a hankali, kar ki yi mini na gaggawa."

Tana fita Dobrila ta tura ƙofa da ƙafa. "Cire tawul ɗin nan."

"Sista, sanyi…"

"Ke, na tsufa, kar ki ƙara gajiyar da ni."

Na cire. Ta dubi tabon, ta dube ni. "Shi ne kika bar ni ina hawa bene huɗu har sau uku ina leƙa bakin jaririya?"

Na fashe da kuka. Kunya ta kama ni, na ga na saka 'yata a yunwa don kawai riga ta zauna mini daidai. Na faɗa mata haka.

"Jikinki ya dame ki, kin je an gyara, shi ke nan," in ji ta. "Kukan kuma ki ajiye zuwa anjima. Miƙo ta."

Ta auna Dunja, ta ba ni na sa ta a hagu, ta sake aunawa: ƙarin gram shida kawai. Ta yaye kabejin, ta gasa na daman da tsumma mai ɗumi, ta matsa da hannu har ya yi laushi. Dunja ta kama, na ji tana haɗiya, karon farko da na ji wannan ƙarar sosai. Aka auna: ƙarin gram hamsin da biyar.

"Wannan ya riga ni ritaya," in ji Dobrila, tana nuna hagu da biro. "Wancan zai riƙe gidan. Masu tagwaye ba ɗai ɗai suke raba musu ba? Ki fara da dama duk sanda ta nema. In ta ƙoshi tana son wasa, ki ba ta hagun."

Radojka ta shigo da faranti. Na ce yau asirina ya tonu.

"Na hagun ya gaji, Kaka," in ji Dobrila tana kurɓar kofi. "Yakan faru. Daga yau dama ne."

"To agogon fa?"

"Ki riƙa duba lokacin dafa ƙwai da shi. Kabejin kuma ki naɗe nama a ciki, mai jego ta ci."

Radojka ta kwana biyu tana fushi, amma ta naɗe naman. Dobrila ta zo Talata, ta zo Laraba, ta zo Alhamis, alhali sunana ba ya cikin takardarta na waɗannan ranakun. Ranar Juma'a ma'auni ya nuna ƙarin gram ɗari da goma. Ta zauna a kujera, ta zare takalmi, ta daɗe tana murza ƙafarta. "To, ba asibiti," in ji ta. "Saura gidaje biyar."

Sista Dobrila, ke ce kika ga tabona ba ki tambaye ni dalili ba. Ke ce kika rufa mini asiri a gaban uwar mijina ba tare da kin yi ƙarya ba. Mai faɗa, mai zuwa ko ba a kira ba. Wata goma sha huɗu Dunja ta yi a nono ɗaya, yau tana aji ɗaya tana dukan maza. Kin gaji, mun gani a tafiyarki, ki je ki miƙe ƙafafun nan. Allah ya saka miki da alheri.

Ku matasan da za ku gaje ta, ku koyi korar dangi daga ɗaki cikin dabara, ku duba uwa kamar yadda kuke duba ɗa. Mu kuma masu haihuwa, mu daina ɓoye jikinmu ga wadda ta zo taimakonmu. Kwana goma na yi ina kare kunyata, 'yata tana jin yunwa a hannuna. Na gode, Sista, da ba ki bar ni na kai sha ɗaya ba.