Akwatin da Ba Shi da Suna

Yayana bai taɓa zama ajin kwamfuta ba. A teburin gyaran waya ya koya, da naci, har kamfanin gidajen haya ya ɗauke shi ya riƙe musu shafin intanet. Injiniya muke ce masa don tsokana, shi kuwa ya amsa ba kunya. Tsabtar tsiya gare shi, ko cokali ya gani a karkace sai ya daidaita.

Tsabtar ce ta ja masa. Yana share tarkace a fom ɗin da 'yan haya ke kai ƙorafi, ya haɗa da ɓoyayyen sunan da kwamfuta ke gane akwatin rubuta adireshi da shi. Akwatin yana nan, mutum ya cika shi tsaf, amma in ba suna, rubutun ba ya barin wayarsa. Shirin da ke karɓar saƙo a sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu, sai ya tarar da ƙorafi ba gida.

Bayan wata biyu maginin kamfanin ya leƙo ofis. "Injiniya, wai aljanu ke aiko ƙorafin nan? Ina za ni?"

Yaya ya zargi sabar, ya zargi shirin. Da ya cika fom da kansa, ya sa shirin ya zayyano duk abin da ya iso masa, sai ya ga adireshi bai ma taso ba. Gyaran bai ci minti ɗaya ba.

Saƙonnin baya ne ba su gyaruwa. Yawanci famfo ne da ƙwan fitila. Ɗaya kuwa cewa ya yi: bangon ɗakin yara ya tsage, hannuna na shiga.

Manaja ya ce gida ɗari shida ne, a jira mai saƙon ya sake rubutowa. Yaya bai jira ba. Kullum in an tashi aiki sai ya bi gidajen ƙofa-ƙofa, wasu su amsa, wasu su ɗauke shi ɓarawo. Ya rame, na yi ta masa faɗa, har yau ina jin haushin kaina.

Bai kai rabi ba aka yi ruwan kwana biyu. Bango ya faɗa kan yarinya 'yar shekara huɗu.

Na raka shi ta'aziyya. Uwar ba ta san ko shi wane ne ba. Ta miƙo masa waya, da hoton shafin da ta ɗauka ranar da ta rubuta.

"Duba, bawan Allah. Cewa suka yi saƙona ya iso, in kwantar da hankalina."

Yaya ne ya rubuta layin nan da hannunsa.