Rabin Malmala

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina riƙe da alli a Madarumfa, kuma ina taƙama da cewa tun daga bakin ƙofar aji nake gane yaron da bai karya kumallo ba, da wanda aka yi faɗa a gidansu. Littattafan tarbiyya na Faransanci kuwa na karanta su har bangonsu ya saɓule. Yarinya ɗaya ce ilimin nan bai kai gare ta ba, ita ce ɗiyata ta fari.

A wajenmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi. Kunya ce, kuma na riƙe ta fiye da yadda na riƙe nahawu. "Ke" nake ce mata, in ana maganarta kuma in ce "yarinyar nan".

Shekarar da ta cika tara, damina ta yi gardama, rumbu ya nuna gindinsa tun kafin bazara. Ni kuwa malamin kwantiragi ne, albashinmu yakan iso kamar baƙon da ya ɓata hanya. Wata rana bayan la'asar yayata ta zo daga Ɗan Issa, inda mijinta ke da motar ɗaukar kaya. Muna zaune a tsakar gida ta kira ni yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, ta ce, "Mushe, bakunan gidan nan sun fi hatsinka yawa. Ba ni babbar in riƙe." Na ce sai an yi hutun lakwal, wato makarantar boko. Yarinyar tana gindin turmi tana tsince wake. Ba mu sassauta murya ba. Wa ke ɓoye magana saboda 'yar shekara tara?

Daga ranar ta fara raba malmalar tuwonta biyu, tana tura rabi gaban ƙannenta. Uwarta ta ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani. Kakarta ta ce iskokin bakin tabki ne, aka yi turare. Ni mai boko na ce girma ne, na koma gyaran takardun ɗalibai. Ta daina dariya. Ta kama shara da wanke-wanke ba a sa ta ba. In cokali ya faɗi sai ta zabura ta ce, "Ba ni ba ce." Malamar ajinsu ta tare ni ta ce yarinyar tana kallon allo amma ba ta ganinsa. Na ce zan bincika. To, bincike na nufin in zaunar da ita in tambaye ta abin da ke damunta, kuma uba mai kunya ba ya yin haka da ɗiyar fari.

Ranar tafiya na raka su tasha. Yaya tana ta tsiya da direba: "Kai, ɗan nema, akwalar nan taka za ta kai Ɗan Issa kuwa, ko turawa za mu yi?" Yarinyar ta matso kusa da ni, kanta a ƙasa. Ta ce, "Baba, ai yanzu rabi nake ci."

Na ji, kuma nan take na gane abin da aka yi wata biyu ana yi wa turare. Amma akwai mutane, har da iyayen ɗalibaina zaune a kan benci. Sai na juya na ce, "Yaya, kin ji ko? Ba za ta cinye ku ba." Aka yi dariya. Ta shiga mota.

Shekara huɗu ta yi a can. Ba a cuce ta ba, yayata mace ce ta kirki, ta dawo mana da ita da sababbin tufafi da iya ɗinki. Yanzu 'ya'yanta uku, mijinta yana da lambu a bakin tabki, abinci ba ya yanke musu. Har yau ita ce ta ƙarshen zuba wa kanta, kuma rabi take ci. Wani likita a Maraɗi ya ce cikinta lafiya lau, damuwa ce ta daɗe a zuci.

Bara na je gidanta, na tsaya a zaure na kira ta da sunanta, karo na farko. Ta fito daga madafa da sauri, tana goge hannu da zane, ta durƙusa. Ta ce, "Baba, me na yi?"