Ranar da Akuya Ta Yi Fitsari Shuɗi

Ina cikin shekarata ta biyu da fara kula da awakin da ake bincike a kansu a Aliero. Aikina shara, ban ruwa da auna dusa. Likitar da ke shugabantar aikin ta gargaɗe ni tun farko kada in ba dabba komai sai abin da ke rubuce a bango.

Wata Talata aka yi wa wata jar akuya tiyata a wuya. Washegari na same ta kwance, ta ƙi dusa, ta ƙi harawa. A gidanmu can Karaye, idan dabba ta ƙi ci, kanwa mahaifina kan jiƙa mata. Na daɗe tsaye ina shawara da zuciyata, sannan na ɓantari 'yar kaɗan na jefa a ruwanta. Ta sha.

Kafin azahar ta miƙe ta yi fitsari. Shuɗi ne kamar ruwan bula, yana gangara a kan siminti.

Na ce a raina, shi ke nan. Na kashe musu akuya, na ɓata aikin watanni, za a sallame ni, ga iyali. Na ɗauko bokiti zan wanke wurin, na ajiye, na sake ɗauka. Sallar da na yi ma ban san raka'a nawa na kawo ba. Da na sallame na nufi ofishin likitar.

"Likita, na yi ɓarna."

"Me ya faru, Baba?"

Na faɗa mata komai, har girman kanwar. Ta biyo ni ta duba, sai ta yi dariya.

"Wannan ɓarnata ce, Baba. Akwai wasu 'yan ƙwayoyin nama a wuya, ba su kai ƙwayar dawa ba, sun saje da kitse. Sai mun sa rini a jijiya su yi shuɗi, sannan mu gan su. Ragowar rinin ce take fitarwa. Kwana biyu zai washe."

"To kanwar fa?"

"Ba ruwanta. Ko kanwa ce ke rina zane a garinku?"

Ta ce za ta rubuta a takardar akuyar, nan gaba kuma in tambaya tukuna. Na ce ta rubuta cewa ni na ba ta.

Na zauna a kan buhun dusa, akuyar ta matso tana jan bakin buhun.