Mai Askin da Ke Tsayar da Jini

Bahago ake ce masa tun yana saurayi. Shekara tara ya yi yana damben boksin, ya yi wasa ashirin da shida, ya ci goma sha tara. A na ƙarshe ne wani ƙato da ake kira Guduma ya dirka masa naushi a gindin kunne, ya sulale ta tsakanin igiyoyi, sai farkawa ya yi a asibiti, muƙamuƙinsa a ɗaure da waya. Da ya warke ya sayi injin aski, ya kama shago mai kujera biyu a bakin tasha.

Bai rabu da dambe ba duk da haka. Duk ranar wasa zai rufe shago da wuri, ya ɗauki jakar auduga da ƙanƙara da mai, ya tsaya a kusurwar ɗan dambe. In gira ta tsage, minti ɗayan hutu ya ishe shi ya tsayar da jini. Kaf garin babu mai hannunsa.

Ƙaddara kuma ta haɗa shi da suruki ɗan dambe, wani direban bas mai wuya kamar gungume. Ranar babban wasan shekara, 'yarsa ta rako mijin har bakin mota, ta ce, "Baba, na ƙirga haƙoransa. A dawo mini da su cif."

A ranar masu shirya wasan sun gayyato tsofaffin 'yan dambe, aka jera musu kujerun roba a sahun gaba. Bahago ya bi su yana gaisawa. Wannan hancinsa ya kwanta, wancan hannunsa na rawa har ruwan kofinsa na zuba, wani kuma ya rungume shi sau biyu don ya manta sun riga sun gaisa. A ƙarshen layin ya ci karo da Guduma, ya yi furfura, ya ajiye tumbi. Shekara ashirin da uku rabonsu da juna.

"Bahago! Ashe kana nan da ranka?"

"Ka so ka ɗauke shi, Allah bai ba ka ba."

Suka yi dariya, suka tafa. Nan Bahago ya ji cewa abokin karawar surukinsa, wani magini ɗan shekara ashirin da takwas, Guduma ne ya horar da shi.

"Nawa ba ya faɗuwa," in ji Guduma. "Ka tanadi auduga."

Ƙararrawa na kaɗawa Direba da Magini suka afka wa juna, babu ɗan gwaji. A zagaye na biyu Magini ya tsaga wa Direba girar hagu, jini ya rufe masa ido, ya gangaro har wando. Bahago ya danne raunin da yatsa, ya cusa auduga, ya shafe da mai.

"Kana gani da shi?"

"Ina gani, Baba."

"To daina miƙa masa fuska. Bi haƙarƙari."

Ya kuwa bi. Kowane naushi ya sauka a gefen cikin Magini sai ka ji tim, kamar ana dukan katifa da sanda. A na biyar hancin Magini ya karye, jini ya fantsamo har kan rigunan tsofaffin da ke sahun gaba, zauren ya ɗauki ihu. A na shida ƙafafunsa suka fara hardewa, hannayensa suka sauka. Bahago ya leƙa idonsa daga nesa, bai so abin da ya gani ba. Ya ƙwala wa Guduma kira a ɗaya kusurwar: "Jefa tawul! Ya isa!" Guduma ya girgiza kai.

A na bakwai Direba ya matse Magini a igiya. Dama, hagu, dama, sannan wani daga ƙasa ya ɗaga masa haɓa. Robar bakinsa ta yi tsalle, ƙeyarsa ta bugi katako. Alƙalin wasa bai ko ƙirga ba. Ƙafar Magini ɗaya ta miƙe tana karkarwa, yana wani irin minshari ido a buɗe.

Guduma ya sandare da tawul a hannu. Bahago ne ya kutsa ta igiya, ya bar surukinsa da jini a fuska, ya durƙusa, ya tallafe wuyan Magini, ya share gudan jinin da ya toshe masa baki. Aka nemi likita, aka ce ya aiko ba zai samu zuwa ba. Motar asibiti kuwa dama ba a kira ta ba. Tsofaffin nan ne suka kwashe kayan teburin alƙalai, su shida suka ɗora Magini a kan teburin, suka ratsa taron da shi. Direba ya yage safar damben da haƙori, aka saka Magini a bas ɗinsa, ya ja su zuwa asibiti da ido ɗaya a kumbure, Guduma na baya yana ta maimaitawa, "Ɗana, tashi mana. Ɗana."

Sai da aka buɗe wa Magini kai aka cire jini. Kwana huɗu ya yi bai san inda yake ba. Ya tashi, amma ƙafar hagu jan ta yake yi, hawa gini kuma ya ƙare.

Bayan mako uku Direba ya zo aski. Ya zauna a kujera, ya ce, "Baba, sun ba ni wani wasan. Za ka tsaya mini?"

Bahago ya gama askin tsaf, ya kakkaɓe masa wuya, ya rufe shago, ya tafi ofishin masu shirya wasa. Ya ce musu ba zai ƙara taɓa girar kowa ba sai ya ga likita a zaune da motar asibiti a bakin ƙofa. Suka yi gunaguni, suka nemi wani ba su samu ba, suka yarda.

Wata biyu bayan haka ya tsaya wa surukinsa, aka doke Direba a zagaye na takwas. Guduma bai zo ba. Ya rufe wurin horonsa, yanzu duk Litinin da Alhamis shi ke goya Magini a babur ya kai shi asibiti a gasa masa ƙafa.