Tsoho da Matarsa a Tashar Jirgi

Torunn tana jiran jirgin zuwa birnin Bergen, idonta na kan wani dogon tsoho, kansa fari fat, ya ɓalla maɓallan rigar sanyinsa a karkace. Daga yadda yake ɗaga yatsa in zai yi magana, tana jin a da malamin makaranta ne. Jan matarsa yake yi, ita kuwa tana ɗingishi, ƙafafu a kumbure.

"Daure, tsohuwata. Likita ya ce tafiya tana tsirar da sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa, ko an tsufa."

"Halvard, ai ɗazu muka gama zagayen nan."

"Yaushe?"

Matar ta daɗe tana kallonsa, ta ga da gaske bai tuna ba. Sannan ta riƙe hannunsa gam.

"Ni ce na rikice. Mu je."