Yatsu biyun Inna Tekna

Jama'a, yau na yi tsalle a gaban tsohuwa kamar yaro!

Inna Tekna maƙwabciyarmu ce, fari ya koro ta daga Gougaram. Ɗanta ya turo mini hotonsa daga mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten, tana so in ajiye mata a buga, don ta daɗe ba ta gan shi ba.

Ni kuwa da kamfani ya sallame mu na rabu da Windows, na sayi tsohuwar kwamfuta mai tambarin tuffa. Na danna maɓallan Maj (wato Shift) da F10 yadda na saba don jerin zaɓi ya buɗe. Shiru. Maɓallin dama irin na linzamin kwamfuta ma babu.

Sai ta hango ɓurɓushin cukun da take ci ya zuba a kan kwamfutar, a wurin da ake jan yatsa. Ta sa yatsu biyu ta danne don ta ɗauke. Kawai jerin ya buɗe!

"Wayyo ɗana, na ɓata?"

"Inna, kin gyara! Sake dannawa!"

Daga baya na gano riƙe Ctrl a danna ma yana buɗewa. Na ajiye hoton, aka buga, yanzu yana ƙarƙashin matashinta.

Ku da kuka sauya kwamfuta, wa ya koya muku? Ni dai cuku ne malamina.